Tatsuniyar Da Ba Ta Da Ƙurunƙus

 An saba a wannan fili a yi maganar kuɗin makaranta, ko yajin aikin malamai, ko halin da ƙasa ta sami kanta a ciki. Yau kuwa muna neman ahuwa, domin maganar wasan talabijin za mu kawo, wasan ma na macizai masu rikiɗa. Wanda ya ga abin bai kai a ɓata masa takarda ba, ya daure ya bi mu zuwa ƙarshe, don kuwa a sanadin wannan wasa yau akwai wani ɗakin aure a garinmu da ke garƙame da kwaɗo, kuma da hannunmu a ciki.

Mu ɗalibai ne 'yan Rogo Ruma, a ƙasar Rogo, can yammacin Jihar Kano inda ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Hutun da ya wuce ya faɗo mana daidai da kaka, sa'ad da kowa ke gona ana karyar masara. Da za mu tafi gida sai muka yi guzurin wasan nan a cikin memori, mai ɗauke da fassarar Hausa. Kullum bayan sallar lisha mukan taru a shagon wani mai cajin waya, wanda ke da akwatin talabijin da ɗan janareta, mu kalli kashi biyu ko uku. Da fari mu biyar ne. Kafin mako ya zagayo benci ya kasa, yara sun cika tabarma, samari na tsaye a baya, 'yan mata masu tallan gyaɗa kuma suna leƙe ta taga.

Wasan shi ne Naagin, watau macijiya, wanda tashar Colors ta ƙasar Indiya ta fara nunawa a watan Nuwamba na 2015, kamfanin Balaji Telefilms na Ekta Kapoor kuwa shi ya shirya shi. Ga wanda bai gani ba, ga yadda zango na farko ya ke a taƙaice. Shibanya, wadda Mouni Roy ta fito a matsayinta, macijiya ce mai ikon rikiɗa ta zama mutum. Iyayenta su ne masu gadin wani lu'ulu'u da a ke kira nagamani, wanda a tatsuniyoyin Indiyawa a ke cewa duk wanda ya mallake shi ya mallaki dukiya da iko. Mutum biyar suka haɗa baki suka kashe iyayen don su sace shi. Ta yi rantsuwa sai ta ɗauki fansa. Ta shiga gidan ɗaya daga cikinsu a matsayin 'yar aiki, har ta auri ɗan gidan, Ritik, domin ta sami hanyar kaiwa ga maƙiyanta, 'yar'uwarta Shesha tana taimakonta. Ta yi ta binsu ɗaya bayan ɗaya, amma mutum na biyar ya ɓuya mata, ya kuma ɓuya mana mu masu kallo.

Daren da mu ke so mu ba da labarinsa shi ne daren da asirin mutum na biyar ya tonu. Kwana da kwanaki muna gardama a kansa. Wani ya ce bokan gidan ne, wani ya ce wani daga cikin dangi ne, har an yi alkawarin sayen rake ga wanda ya canka. Babu wanda ya ci raken nan, gama babu wanda ya kawo Yamini a ransa. Yamini ita ce uwar gida, ita ce mai yawan ibada da taushin murya, ita ce ta karɓi Shibanya hannu biyu ta kira ta 'yarta. Ashe ita ce uwar tafiyar, kuma ashe Ritik ɗin da ta ke ta nuna wa ƙauna ba ita ta haife shi ba. Sa'ad da fuskarta ta sauya, murmushin ya zama wani abu dabam, shagon nan ya yi tsit, ba ka jin kome sai ƙarar janareta. Can sai aka ɗauki salati. Wani dattijo da ya saba tsayawa ya yi mana faɗa a kan ɓata lokaci, a daren nan shi ma ya tsaya har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce, "Ashe ɓarawon a cikin gida ya ke kwana." Ya ja sandarsa ya wuce.

Ba za mu ɓoye ba, kashin nan ya burge mu, kuma har yanzu muna ganin ya cancanci yabo. Mun san aibin wasan sarai. Macijin na kwamfuta ne, ko yaro ya san ba ya sara. Akan nuna fuskar mutum sau uku ana buga tsawa kafin ya furta kalma guda, kuma abin da za a gama a kashi ɗaya sai a ja shi zuwa biyar. Amma a daren nan marubutan sun yi aikin gwanaye. Sun bar mu muna tsoron mai dafi tsawon makonni, sa'an nan suka nuna mana cewa mai dafin ita ce aka zalunta, mai kisa kuwa ita ce wadda kowa ke durƙusa wa da safe. Sudha Chandran, wadda ta fito a Yamini, ta nuna ƙwarewa ƙwarai. Ita ce 'yar rawar nan da ta rasa ƙafarta guda bayan haɗarin mota a 1981, ta koma fage da ƙafar roba. Abin da kashin ya faɗa a bayyane ya ke: haɗama ce ke kisa, kuma haɗama ba ta da kamanni, takan sa tufafin mutunci ta zauna a tsakar gida.

Wannan shi ne abin da wasan ya ce. Yanzu ga abin da mu muka ji.

Kafin kaka an kawo wata amarya unguwarmu daga wani gari mai nisa. Yarinya ce mai kunya, ba ta da yawan magana, ba ta kuma san kowa ba. Wata rana da la'asar ta fito da rakiyar ƙanwar mijinta za su unguwa, sai ɗayanmu ya ce, "Kai, ga Shibanya." Muka yi dariya. Allah ya sani yabo a ke nufi, domin a wurinmu Shibanya ita ce kyakkyawa, ita ce tauraruwar wasan. Amma akwai yara a kusa, kunnen yaro kuwa ba ya zubar da abin da ya ɗauka. Kafin kwana uku sunan ya bi gari, har wanda bai san sunanta na yanka ba ya san wannan.

Bayan kamar mako biyu aka tsinci saɓar maciji a bayan ɗakinta. Kowane manomi ya san inda rumbu ya ke nan ɓera ya ke, inda ɓera ya ke kuma nan maciji ke farauta, rumbun gidan kuwa a bayan ɗakin nata ya ke. Duk da haka aka fara raɗa. Ba a jima ba sai kububuwa ta sari ɗan wan mijinta, yaro ɗan shekara kamar goma, yana tattara karan masara a gona. Aka ɗaure ƙafar tamau, aka kai shi wurin mai magani, aka tsaga, aka shafa, aka ba shi jiƙo. Kwana biyu yana nan, ƙafa ta kumbura, dasashinsa na zubar da jini. A kwana biyun nan tambayar da ke bakin mutane ita ce wa ya turo macijin. Sai da wani malamin firamare ya tsaya kai da fata aka ɗauke shi a kan babur zuwa asibiti, aka yi masa allurar kashe dafi, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Yaro ya tashi, amma amarya ba ta tashi ba. Matan gida suka daina cin tuwonta ran girkinta. Aka hana yara shiga ɗakinta. Ran da ta je gaida maras lafiya, uwarsa ta ja zane ta rufe shi. Babu wanda ya fito fili ya ce mata ke mayya ce ko ke macijiya ce, sunan da muka laƙaba mata ya wadatar, yaro ya faɗe shi daga bayan danga ya ruga. Mijin kuwa ya rasa bakin magana tsakanin matarsa da 'yan'uwansa. Labari ya kai garinsu. Mahaifinta ya zo da mota, ya gaisa da kowa cikin mutunci, ya ce ya zo ne ya tafi da 'yarsa ta huta. Tun ran nan ɗakin ke rufe.

To, jama'a, a dubi wannan al'amari da idon basira. Wasan da muka kalla ya yi makonni yana koya mana cewa kada a yanke wa baƙuwa hukunci da kamanninta. Mun tafa masa, mun yi salati, mun fita. Sa'an nan muka ɗauki baƙuwar da ke cikinmu muka yi mata daidai abin da wasan ya hana. Mun riƙe macijiyar, mun zubar da darasin. Tambayar da ta hana mu barci tun da muka komo makaranta ita ce, ta yaya haka ta faru? Amsar da muka samu ita ce dalilin wannan rubutu.

Labarin maciji mai rikiɗa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yawancinmu mun ji tatsuniyar yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙi samarin garinsu kaf, har wani baƙo santalele ya zo ta bi shi, sai a daji ta tarar maciji ne. Tatsuniyar nan ta fi Naagin ban tsoro in ka ji ta a duhu. Amma ba mu taɓa jin an kori ango daga gari saboda ita ba. Dalili kuwa shi ne tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Kaka za ta ce ga ta nan ga ta nan ku, yara su amsa ta zo mu ji ta. Da wannan an yi yarjejeniya cewa an bar duniyar gaske an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi. In an gama kuma ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, da ma ƙaryar ce ta shara. Watau mai ba da labarin da bakinta ta ke shaida wa yaro cewa abin da ya ji ƙage ne. Bayan haka tana nan zaune. In ya tsorata ta rarrashe shi, in ya ɗauki labarin a karkace ta miƙe masa shi, ta ce ai girman kan yarinyar a ke nufi. Magabatanmu ba su yi karatun ilmin halayyar yara a jami'a ba, amma sun san labari wuta ne, ba a barinsa a ɗaki a tafi barci sai an rufe shi da toka.

Har finafinan Indiya na zamanin iyayenmu suna da irin tasu ƙofar. An yi shekaru da yawa ana nuna su a gidajen siliman Kano, irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, kuma macijiya ta daɗe tana fitowa a cikinsu. An yi Nagin a 1976, an yi Nagina a 1986, wanda Sridevi ta fito a ciki, iyayenmu da yawa har yau suna tuna rawarta. Amma mai zuwa silima sai ya yi shiri, ya biya kuɗi, ya shiga ta ƙofa. Bayan awa uku a kunna fitilu, ya ga bango fari fat, ya fito ya nemi abin hawa. Kunna fitilar nan ita ce ƙurunƙus ɗinsa. Galibi kuma manya ne ke zuwa, da harshen Indiyanci a ke yi, mutum na kallo ya san abin na wata ƙasa ne mai nisa.

Yau fa? Wasan yana cikin aljihu, yana shagon caji, yana ɗakin uwa. Ba ya ƙarewa, domin kowane kashi a kan ƙugiya a ke yanke shi don ka nemi na gaba. Zango na farko kaɗai ya haura kashi 60, kuma ya zuwa 2023 an yi zango 6. Yaro ɗan shekara shida yana kwana da shi yana tashi da shi. Bugu da ƙari an ɗora masa muryar Hausa, Shibanya tana rantsuwa irin tamu, tana gaisuwa irin tamu, har yaro ya ɗauka a Zarewa ko Fulatan abin ya faru. Ba mu ƙi fassara ba, gama ita ce ta sa iyayenmu mata da ba su yi boko ba su ke bin labari daki-daki, ta kuma samar wa matasa da yawa abin yi. Abin da mu ke cewa shi ne an kawo tatsuniya har tsakar gida, an bar ƙurunƙus a waje. Mu kuma da muka kawo ta, mu da ya kamata mu zauna a mazaunin kaka, da an kashe janareta sai mu miƙe mu yi hamma mu tafi, mu bar yara su tafi da macijiya a ka.

Mun san wani zai ce, to ai aljanu gaskiya ne, kuma suna rikiɗa, ko 'yan boko za su musa? Ba mu musa ba. Akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunansu, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa an umarci mutanen Madina su yi wa macizan gida gargaɗi kafin su kashe su. Amma imani da gaibu abu ɗaya ne, nuna 'yar mutane da yatsa a ce ita ce kuwa wani abu ne dabam, wanda ke bukatar shaida, babu kuwa mai ita. Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ta kuma hana yawan zato, ayoyin biyu a jere su ke kamar don mu aka jera su. Sa'an nan a tuna cewa macijiyar Naagin daga addinin Hindu ta fito, inda a ke zana abin bautarsu Shiba da maciji a wuya, a ke kuma yin bikin Naga Pancami kowace shekara ana miƙa wa macizai madara. A wurinsu abin yana da asali da ma'ana. Wanda ya ɗauko Shibanya ya auna matar maƙwabcinsa da ita, to, ya sani ba daga littafinmu ya ɗauko ma'aunin ba.

Kada kuma wani ya ce abin wasan yara ne, zai wuce. A 2023 a ƙaramar hukumar Wudil an kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a gonarta bisa zargin maita, kuma asalin zargin mafarki ne da wata maras lafiya ta ce ta yi. A watan Fabrairu na 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan wannan. Rai guda ya tafi, biyar na jiran igiya, iyalai sun tarwatse, duk a kan mafarki. Ba mu ce talabijin ne ya jawo wannan ba, zargin maita ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. Amma busasshiyar ciyawa ce a shimfiɗe a garuruwanmu, kuma wanda ya san haka bai kamata ya yi wasa da ashana ba. Tazarar da ke tsakanin laƙabin da muka yi da abin da ya faru a Wudil ba ta kai yadda mu ke zato ba. Da yaron nan ya mutu, Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya.

Akwai kuma hasara ta biyu, ita ce kwana biyun da yaron ya yi ba a kai shi asibiti ba. Sa'ad da hankali ya tafi ga macijin ƙage, macijin gaske sai ya sami sarari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa yana kashe tsakanin mutum 81,000 da 138,000 a duniya kowace shekara, yawancinsu manoma da makiyaya irin iyayenmu. Dafin kububuwa hana jini daskarewa ya ke yi, shi ya sa tsagar da a ke yi ba ta ƙara kome sai zubar jini, ɗaurin tamau kuma yakan kashe ƙafa. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman domin wannan, kuma abin da likitoci ke nanatawa kullum shi ne a kawo mutum da wuri. Ba turowa a ke yi ba. Kaka ce, ɓeraye sun yi yawa a gona, yara kuma ba su da takalma.

To, mene ne magani? Wasu za su ce a hana. Mu ba mu ga haka ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya duba abin da aka shirya a Kano, amma ba ta da ƙofar shiga memorin da ke aljihun ɗalibi. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta ƙasar Bebeji bayan an yi ta suka. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, abu guda ba ya musuwa: yaranmu ba su daina kallo ba, na wasu kawai su ke kallo. Ɗan Adam ba ya rayuwa ba labari, in ka hana shi naka zai ci na maƙwabci. Mu kanmu, in za mu faɗi gaskiya, ba mu da niyyar daina kallon Naagin.

Abin takaici shi ne rumbunmu cike ya ke. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni tun farkon shekarun 1970. In maciji a ke so, ga Danko ɗan Musa a cikin iskokin bori, ga Gajimare da a ke cewa yana kwana a rijiya yana shanye ruwan sama. Ga kuma uban su duka, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. A lura da kyau da wannan labari. Wane ne ya ceci gari? Baƙo ne, Bayajidda, wanda ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa ya roƙi ruwa. Da gari ya waye 'yan gari ne suka yi ta ƙaryar su suka kashe macijin, har sai da aka nemi shaida, baƙo ya fito da kai. Labarin da mu ke faɗa a kan asalin Hausa Bakwai ke nan, labari ne na karrama baƙo da neman hujja kafin a gaskata magana. Da yaran Rogo Ruma sun san shi kamar yadda su ka san Shibanya, watakila da wani a cikinsu ya tambaya, ina kan macijin?

Ba kuma laifi ba ne a ara daga waje, in an san yadda a ke aro. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labarun Turawa da na Indiya ya gina Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Ya kuma sa labaran a bakin aku, yana ba ɗan sarki, don mai karatu kullum ya san akwai mai ba da labari, akwai dalilin ba da shi, akwai kuma inda zai tsaya. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da littafin wasan kwaikwayo, su marigayi Ƙasimu Yero suka fito a ciki, aka kalla a ko'ina cikin ƙasar nan. Ashe an taɓa yi, kuma da kayan aikin da ba su kai na wayar da ke hannunmu ba. Amma yau in finafinanmu za su taɓa gaibu, yawanci abin da za ka gani shi ne boka da jan ƙyalle yana ƙyaƙyata dariya, da kishiya ko uwar miji ta kawo masa kuɗi. Irin wannan ba ya koya wa mai kallo kome sai zargin na kusa da shi.

Saboda haka muna da kira, kuma da kanmu za mu fara. Duk ɗalibin da ya kai wasa gida a hutu, ya sani ya ɗauki aikin kaka. Kada ya tashi sai ya rufe labarin. Ya tambayi ƙannensa me suka gani, wa ya yi laifi, don me. Ya nuna musu yadda a ke haɗa macijin a kwamfuta, ya gaya musu cewa Shibanya 'yar wasa ce mai karɓar albashi, in an gama ɗauka ta wanke fuska ta tafi gida. Minti biyar ya isa. Ya kuma kiyaye harshensa, domin a ƙauye maganar ɗan jami'a tana da nauyin da shi kansa bai sani ba.

Ga masu fassara, muna roƙon su ara daga kakanninmu. Ba zai rage musu ciniki ba in sun buɗe kowane kashi da faɗin cewa wannan ƙagaggen labari ne daga al'adar wasu mutane, su kuma rufe shi da irin wannan. Ga 'yan'uwanmu masu nazarin Hausa da wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, muna cewa kundin digiri da ke kwance a kanta ƙura na ci ba zai yi gasa da Ekta Kapoor ba. A fito da tatsuniyoyin nan a rubuta su wasanni, a fara ko da a dandalin ƙungiyar Hausa ne. Ga yayyenmu ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti da na gona da na kotu, ku ne gwamnatin da ƙauye ke gani da ido. Ku faɗa wa mutane cewa saran maciji na asibiti ne. Ku kuma tuna musu cewa dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda aka fara aiki da ita a 1960, ta sa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da a ke hukunci a kansu. Malamin firamaren nan da ya tsaya a kan a tafi asibiti ya fi mu duka amfani da karatunsa.

Kafin mu komo makaranta mun je mu biyar wurin mai unguwa da liman, muka faɗi yadda sunan ya samo asali, muka ce mu ne, kuma wasa ne. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya durƙusa gaban dattawa ya ce iliminsa bai hana shi wauta ba. Liman ya yi mana faɗa daidai gwargwado, ya kuma yi wa jama'a nasiha a kan zato bayan sallar magariba. Mun je mun ba mijin haƙuri, ya dube mu ya ce, "Ku kun yi dariyarku kun gama." Ba mu sami abin ce masa ba. An ce za a tafi biko bayan an gama shigar da amfanin gona. Ko za ta yarda ta komo, wannan nata ne da iyayenta, in kuwa ta ƙi babu mai ganin laifinta.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Mun zara, ba mu iya mayarwa. Abin da ya rage mana shi ne mu faɗa wa 'yan'uwa, domin hutu na tafe, kowa zai tafi garinsu da memori a aljihu. A yi kallo, a ji daɗi, a yaba wa gwani in ya yi gwaninta. Amma in an kashe janareta, a sami mai cewa ƙurunƙus.

Allah ya yafe mana, ya mai da baiwar Allah nan ɗakinta cikin mutunci, ya sa iliminmu ya amfani garuruwan da suka haife mu, amin.